Mai Bita Na Biyu

Wasiƙar mujallar da Dakta ta tura wa takardar bincikenta ta shigo ana saura mako shida kwamitin tabbatar da malamai ya zauna. Dakta ta buɗe ta a tsaye, ko jakarta ba ta ajiye ba. Mai bita na farko ya yaba. Mai bita na biyu, karo na uku ke nan, ya ce kada a buga. Dokar jami'ar kuwa ba ta da kwana-kwana, in takardar nan ba ta fito ba kafin zaman, Dakta ta tattara littattafanta ta bar sashen lissafi.

Shekara huɗu ta kashe tana gina manhajar da ke warware lissafin intigiral. A wannan fanni, tashi daga amsa a fitar da tambaya abu ne da ko ɗan aji ɗaya ya iya. Komawa baya, a ba ka tambayar ka nemo asalinta, nan ake yin gumi, wasu tambayoyin ma ba su da amsar da za a rubuta da alamomin da aka saba. Aikin manhajarta shi ne ta kawo amsar, ko ta ce babu, kuma in ta ce babu to babu ɗin ne.

Mujallar ba ta faɗa wa marubuci sunan mai bita, amma Dakta ta san halinsa kamar tare suka tashi. Rubutunsa guntu-guntu, ba babban harafi ko ɗaya, wasu kalmomin da giɓi, kamar wanda ke ganin ba ta kai ya zauna ya gyara ba. Wannan karon tambaya ɗaya ya jefo, mai layi ɗaya, ya rubuta a ƙasa: "manhajarku ta ce babu. ga amsar. daga ita na taso."

Ta zuba tambayar a kwamfuta, manhajar ta ce babu. Ta ɗauki amsarsa ta gwada da biro, ta fito daidai. Sai da ta wuni kafin ta gano ɓarakar. Manhajar takan raba tambaya gida biyu, ta duba kowane gida shi kaɗai, ta ga ba shi da amsa, ta yanke hukunci, alhali in an bar su a haɗe amsa na nan. Kunya ta kama ta, kunyar kuma ta koma haushi.

Wa ya san inda take raba tambaya har ya auna wurin? Ta ɗaga kai ta dubi teburin da ke fuskantar nata. Abokin ofishinta, wanda ɗalibai ke kira Mai Jan Biro, yana cikin kwamitin, allon da ta cika da lissafinta kuma kullum yana bayan kujerarsa. Shi ne ya taɓa cewa a gaban mutane sunan ubanta ya kawo ta sashen, domin Baba ya yi shekara talatin yana farfesa kafin shanyewar ɓarin jiki ta kashe masa hannun dama. Tun daga wannan gorin ta hana kanta yi wa Baba zancen lissafi, don kada a ce shi ke yi mata.

Ba ta tambayi Mai Jan Biro komai ba. Ƙorafi ta rubuta, shafi uku, cewa shi ne mai bita na biyu, ta kai wa shugaban sashe. Cikin mako guda aka cire shi daga kwamitin, aka mayar da teburinsa wani ɗan ɗaki kusa da sito. Ranar da yake kwashe kayansa ya ce, "Ni ko takardar taki ban karanta ba." Ta ce, "Ai na sani," ta rufe ƙofa.

Ranar hutu ta je duba Baba. Yana kan kujerarsa ta kullum, ƙaramar kwamfutarsa a cinya, wadda ya ce labarai yake karantawa da ita. Da ya tambaye ta aiki sai bakinta ya ɓalle, ta ce wani mugu ne ya sa ta gaba, Allah ya isa tsakaninta da shi.

Baba ya ce, "Auta, ki janye Allah ya isan nan."

"Ban janye ba, Baba."

Ya ce ta miƙo masa ruwa.

Ta yi mako huɗu tana rushe manhajar tana sake gini, ba don komai ba sai don ta toshe bakin mutumin nan. Ta ƙirƙiro tambayoyi dubu ta hanyarsa, daga amsa zuwa tambaya, ta zuba wa manhajar, ba ta faɗi ko ɗaya ba. Ana jibi zaman kwamiti amsa ta iso, an karɓa.

Daga ofis gidan Baba ta wuce da hantsi. Ta tarar yana gyangyaɗi, ta tashe shi da albishir.

Ya ce, "Madalla. To yanzu kya janye abin nan?"

Ta yi dariya ta ce, "Har abada."

Ta ɗaga kwamfutar daga cinyarsa don ta ajiye masa shayi, fuskar ta kawo haske. Saƙo ne zuwa ga editan mujallar, wanda aka tura jiya, guntu-guntu, ba babban harafi ko ɗaya, irin na mai bugawa da yatsa ɗaya na hannun hagu: "an gyara, a buga. amma don allah kada ku sake turo min aikin 'yata."