Ranar da Baba Oyelakin Ya Yarda da Hira ta Waya

Ku yi haƙuri da rubutuna, ban iya tsara magana ba, kuma a ɓoye nake yi, a bayan buhunan garin amala.

Kakana, Baba Oyelakin, ya fara hira da 'yan siyasa a rediyo tun zamanin soja. An kulle shi, an sake shi, an kuma kulle shi. Duk Ibadan ba wanda bai san shirinsa na safiyar Asabar ba.

Da tsufa ya zo, sai ya fito da wasu dokoki. Ba ya ɗaga waya. In ka gaishe shi ta baya, ko waiwaye ba ya yi. Baƙonsa dole ya zauna yana fuskantar taga. Akwai ɗan takarar da ya kora ya je ya rage gashin baki tukuna. A wajenmu yaro sunkuyar da kai yake yi in yana magana da babba, amma shi sai ya ce, "Ɗago ka dube ni, ba da ƙasa kake magana ba." Mutane suka ce girman kai ne. Babbar dokar kuwa, ba ya hira ta waya. Mai gaskiya ya zo a ga fuskarsa.

Ran nan da safe sabon manaja, Fadeyi, ya tare shi a bakin ɗakin shiri. Ya ɗan rusuna.

"Baba, Cif Alagbede ba zai zo ba. Ya ce sai dai ta waya."

Cif jigon wata jam'iyya ne. A makon nan 'yan daba suka ƙone rumfunan matan kasuwa da suka ƙi fita taronsa, gari duk yana jiran wannan hira.

"To a fasa," in ji Baba.

"Ba a fasawa. Masu gidan sun gaji da dokokinka. In ba ka shiga ba, daga yau an ba yaron nan mai saka kiɗa filinka."

Baba ya kama hannunsa. Mutumin da bai roƙi soja ba, ya roƙi sa'an ɗansa. Ya ce a tura mota, ko a kai shi gidan Cif, ko a ɗaga zuwa wani mako.

"Baba, waya ce fa, ba maciji ba." Fadeyi ya zare hannunsa.

Baba ya shiga. Ba shi da komai a duniya sai wannan kujera. Ya zauna, ya ɗora abin saurare a kunne, zufa na bin bayan babbar rigarsa. Ya ce da Lasisi mai kula da na'ura ya juyo masa da akwatin nan mai allura, wadda ke rawa in sauti na wucewa. Lasisi ya yi mamaki, amma ya juyo.

Jar fitila ta kama.

"Cif, barka da safiya. Wa ya tura yaran da suka ƙone rumfuna?"

Cif ya yi dariya. Ya shiga labarin rijiyoyin da ya haƙa da marayun da yake ciyarwa. Allura na ta rawa. Baba ya kafa mata ido. Da ta kwanta, ya matso.

"Na gode, Cif. Wa ya tura su?"

"Kai tsoho, tambaya ɗaya ce ta rage maka a ciki? Je ka gida ka yi wasa da jikoki."

"Na gode. Wa ya tura yaran?"

Muryar Cif ta sauya. Ya ce ya san gidan Baba, ya san makarantar da jikarsa take. Lasisi ya miƙe tsaye a bayan gilashi. Baba bai ɗago ba. Yana ta addu'a a zuci kada allurar ta yaudare shi.

"Cif, matan na saurare. Wa ya tura su?"

Nan Cif ya zagi mahaifiyar Baba da ke kabari, ya kira sunanta. Ba namijin da za a yi wa haka a garin nan ya haɗiye. A tashar mota direbobi suka kashe injin. Kowa na jiran tsohon ya fashe.

"Na gode ƙwarai, Cif," in ji Baba. "Wa ya tura su?"

"Ni ne! Ni na tura su, gobe ma su ƙi fitowa su gani. Me za ka yi?"

Allura ta faɗi, ba ta sake tashi ba. Baba ya jira. Ya ɗago a hankali ya dubi Lasisi, wanda ya buɗe baki ya ce, "Ya kashe." Baba ya yi sallama da masu saurare, ya cire abin kunnen kamar mai ajiye shi har abada.

Ya fito yana jan ƙafa, yana jiran kora. Sai ga Fadeyi ya kwanta rub-da-ciki a gabansa, ya ɗago fuska ya ce fili nasa ne har ya gaji. Kafin rana ta take, matan kasuwa sun cika ƙofar gidan rediyo suna yi masa kirari. Baba sai gyaɗa kai yake. Aka ce ba a taɓa ganin mai haɗiye fushi irinsa ba.

Kakata na ƙwala mini kira. Baba ya gama cin amalarsa, yana so in zo in zauna ina fuskantar taga, in maimaita masa duk abin da Cif ya faɗa yana kallon bakina, ni kuma ban san yadda zan yi da zagin ba, don shekaru ke nan kunnensa bai ji ko kalma ɗaya ba.