Awon Ƙafar Wani

Kawuna, mai gadin masaƙa, shi ya fara ba ni labarin badukun da ke bakin ƙofar masaƙar.

Badukun nan yana da wani kwali da ya zana ƙafar wata mai aikin zare, ya rataye shi sama da kansa. Ran nan jiniyar tashi ta kaɗa, sai ga ta a rumfarsa, burbushin auduga a ɗankwalinta. Ya yi maza ya goge benci da hannun riga.

"Yau kam akwai maganar da nake so in..."

"Dakata, Baduku." Ta ciro wani kwali ta shimfiɗa masa a cinya. Zanen ƙafa ne, ƙatuwa, ta namiji. "Da kaina na zana, yadda kake yi mini. Na iya?"

Ya dubi kwalin, ya dube ta. Ita kuwa fatu take shafawa.

"Ta yayanki ce?"

"Ta shugaban sashenmu ce. Takalmi za ka ɗinka masa, ran ɗaurin aurenmu zai sa. Ka zaɓi fata mai laushi, shi bai saba wahala ba kamar ku."

"To ni fa?"

Ta yi dariya. "Kai ai ƙafa ka sani. Shekara biyu kana durƙushe gabana, ka taɓa ɗaga kai?"

Ya ce ta dawo Laraba. Ya yanka fata, ya ɗinka ƙafar dama tsaf. Kawu ya ce har aka rufe masaƙar, ta hagun tana nan kan kwali, bai sa mata allura ba.