Shirun da Baffa Ya Ji a Waya

Kai da kake saurin ɗora laifi a kan wanda ya fi kusa da hannunka, zauna ka ji abin da ya sami wani mai ɗaukar hoto. Maraya ne, baffansa ya rene shi, amma suka ɓata ranar da ya bar wa tsohon gona ya tafi birni ya buɗe shago. Shekaru suka shuɗe ba gaisuwa ba aike. Abin yana cin sa a rai, sai dai kunya da taurin kai sun hana shi komawa. Wata rana ya haɗa wayarsa da kwamfutar shagon ta bulutut, haɗin nan da ba ya buƙatar igiya, don ya kwashe wasu hotuna. Ya gama, ya manta. Su kuwa na'urorin ba su manta ba. Da zarar ya shigo shago sai su kama juna, duk kiran da ya shigo sai muryar ta zarce cikin kwamfuta, ita kuwa ba ta da lasifika, ba ta da abin ɗaukar magana. Kamar dai a zuba ruwa a rairayi.

Ana nan sai tsoho ya kwanta ciwo. Da ya ji jikin ba nasa ba ne, ya haɗiye fushinsa ya sa aka kira masa ɗan riƙon nasa a waya. Mai hoto yana shago ya ga sunan baffa. Ya ɗauka, har da durƙusawa ƙasa yana gaisuwa. Tsit! Shi bai ji ba, can ma ba a ji shi ba. To ka san yadda abin yake a wurinmu: babba ya sauke kai ya neme ka, ka ɗauka ka yi masa shiru? Ai gara ma ka zage shi.

Sai bawan Allah ya hau kan waya da faɗa. Ya kashe ya kunna, ya cire layi ya goga a riga, ya hura ramin lasifika, ya tsokale shi da tsinke, ya bubbuga ta a tafin hannu har gilashin ya tsage. Ya garzaya kasuwar 'yan waya, mai gyara ya gwada, murya ta fito ras, ya ce lafiyarta ƙalau. Bai yarda ba, sai da ya sa aka canja mata lasifika. Da a nan ya kira baffan, da magana ta ƙare. Ina! Ya ce bai kamata ya nemi gafarar wanda ya rene shi a tsakiyar hayaniyar kasuwa ba. Ya koma shago, ya rufe ƙofa, ya natsu, ya kira. Tsoho ya kara waya a kunne da ƙyar, ya sake jin shirun nan. Ya miƙa ta, ya ce kada a ƙara ɗauka.

Da yamma mai hoto ya yi ta kira daga gida, ba a amsa ba. Ya ari wayar maƙwabci, babban ɗan baffan ya ɗauka ya ce, "Kowa kana magana da shi da wayarka, sai a kanmu ne take lalacewa?" Shi kansa mai hoto bai san dalili ba. Har ya fara zargin ko alhaki ne ya kama shi. Ya ƙudura cewa da ya miƙa aikin bikin da ke hannunsa zai kama hanyar gida, ya faɗi a gaban tsoho.

Washegari yana zaune a gaban kwamfuta da hantsi yana gaggawar aikin, sai ga lambar baffa. Ya ɗauka, shiru. Ya fashe da kuka, yana ta roƙon gafara a cikin wayar da ba mai jin sa. Ana cikin haka mai ya ƙare a janareto, kwamfuta ta mutu, sai murya ta dawo cikin waya tar. Ɗan baffan ne, yana tsakiyar magana: "…har an yi masa sutura. Kai ya yi ta tambaya kafin ya cika. Ko yanzun ma shirun za ka yi mana?" Mai hoto ya ɗaga kai ya dubi baƙar fuskar kwamfuta, ya dubi wayar da ya yi wa raga-raga ba ta ci ba ba ta sha ba. A lokacin ya gane, ganewar da ba ta da sauran amfani. Wanda zai yi wa bayani an ɗauke shi zuwa makwancinsa da ciwon raini a zuciya.

Ka ji irin ta mai hoto: ya bar jaki, ya yi ta dukan taiki.