Sabuwar Muryar Tasalla

Tun da aka kafa dokar hana wariyar jinsi, duk mai neman shugabanci ana maƙala masa 'yar na'urar sauya murya a wuya. Daga bayan labule yake amsa tambayoyi, da murya ɗaya wadda ba ta mace ba ce, ba ta namiji ba.

Haka Injiniya Tasalla ta samu kujerar shugabar hukumar ruwa. Ta fito da gudu, mayafinta na jan ƙasa, ta kira mahaifiyarta a waya.

"Inna! Na samu! Ni suka zaɓa!"

"Wane ne? Bawan Allah, ka yi ɓatan lamba."

"Ni ce, Inna! Wadda ta kwance miki keken ɗinki tana ƙarama, ta kasa mayarwa!"

Inna ta fashe da dariya. "Ja'ira! Ke ce? To cire abin nan, in ji 'yata."

Tasalla ta taɓa wuyanta. Na'urar ta riga ta ɗauki ɗumin jikinta.

"Ba a cirewa, Inna, sai na sauka daga kujerar."

"To kada ki sauka," in ji Inna. "Guɗar kuwa, ni zan yi mana."

Ta rangaɗa guɗa har wayar ta girgiza.