Daɓen Motar Auta

Tun da Auta ya bugo waya daga wurin neman aiki ya ce, "Mama, na samu mota," hankalinta bai sake kwanciya ba. Ƙofar gidan ce ta tsaya mata a rai: rami nan, taɓo can, ruwan wanke-wanke ya yi hanya ta tsakiya. A nan za a ajiye motar ɗanta, maƙwabciya tana leƙe ta katanga?

Ta sayar da keken ɗinkinta, ta kira birkila.

"Wace irin mota ce za ta riƙa hawa kai?" in ji shi.

"Mota dai, irin ta mutane. Yaron da ya yi karatu, wace iri zai hau?"

Birkila ya ce abin da ke hannunta ba zai kai ga biyu ba. Ko a zuba kankare mai kauri da rodi a ciki, ko a yi shi shafal a buga masa zanen duwatsu da jan launi.

"Rodin nan wa zai gan shi?" Mama ta tambaya. "Buga mini ado."

Aka buga. Ƙofar gida ta fito kamar shimfiɗar amarya. Safe da yamma Mama na yayyafa wa daɓen ruwa, ta tare shi da benci, ta kori kaji. Maigida kansa sai ya saɓa kekensa a kafaɗa yake shiga gida, yana ƙunƙuni.

Auta ya sake kira. Ya tambayi faɗin ƙofa, ya ce a sare reshen bishiyar da ya sunkuyo, a kuma ɗaga wayar wutar nan sama. Mama ta ji daɗi har cikin ranta. Yaro mai tattali, ba ya son ko kashin tsuntsu ya taɓa masa fenti.

Ranar zuwansa ta ɗaura sabon zane, ta janye bencin da kanta, ta aika a kira maƙwabciya ta zo ta sa albarka. Suna tsaye sai suka ji rugugi daga bakin layi. Tagogi suka ɗauki rawa, kaji suka watse. Mama ta ɗaga hannu ta kori direban wata tifa da ke shirin juyawa a ƙofarta, kada ya tare wa Auta wuri. Bai tsaya ba. Ya juyo da baya a hankali, cikin gwaninta, ya hau daɓen. Zanen duwatsun ya shiga cewa ƙas, ƙas, yana darewa gida-gida.

Ta buɗe baki za ta yi Allah ya isa, sai direban tifar, wadda ke maƙare da tsakuwa, ya leƙo daga can sama yana dariya: "Mama, ga motar! Jiya maigidana ya damƙa mini makullin."