Zamiyar Yaya

A zagayen farko na tseren, gindin farar motar ya ɗan karkace a kwana, ya koma daidai. Babu wanda ya lura sai Auta, da ke manne da wayar shinge.

Wansa ne a cikin motar. Ciki ɗaya suka fito, gareji ɗaya mahaifinsu ya bar musu, amma yanzu ko ga-maciji ba sa yi. Yaya ɗan tseren zagaye ne, irin masu bin kwana kamar yadda tela ke bin ɗinki, a wurinsa duk motar da ta zame direbanta ya yi abin kunya. Auta kuwa wasan zamiya ne ya shiga jininsa: a ja birkin hannu, a saki gindin mota ya tafi a kaikaice, taya na kuka, hayaƙi na tashi. Yaya ya ce wannan ba tuƙi ba ne, ɓarna ce mai 'yan kallo. Da suɗaɗɗun tayoyin Auta suka cika garejin, sai ya yanke hukunci: bayan tseren yau, Auta ya kwashe motarsa da tarkacensa ya san inda dare ya yi masa.

Ba wurin ne ya dami Auta ba. Mutumin da ya goya shi, ya koya masa riƙon sitiyari, shi yake tsoron rasawa.

Shi ya sa da sassafen nan, da mai facin da ke kula da tayoyin Yaya ya bugo waya cewa babur ya mace masa a hanya, Auta bai tsaya shawara ba.

"Tayoyin gaba na ɗaura tun jiya," in ji mai facin. "Na baya biyu suna cikin gareji. Irin na tsere ne, kar ka ga ba zane ka tsorata, haka ake yin su, kama ƙasa suke kamar danƙo. Amma in Yayanka ya ji ka taɓa masa mota, ni da kai mun shiga uku."

A gurguje Auta ya ɗauko tayoyi biyu marasa zane ya gama aikin, ya ɗaure notuna tamau, ya sulale kafin mai motar ya iso. Alheri ne da ba ya neman a gode masa.

Motocin suka sake zagayowa. Wannan karon gindin farar ya fita sosai kafin ya dawo.

"Me ya sami wanka yau, motar sai rangaji take?" in ji Kibiya, abokinsa ɗan tseren miƙe, wanda duk duniyarsa layi ɗaya ce ɗoɗar. "Shi ya sa nake son namu. Ka take totur, ka isa, a tafa maka. Wanda ya ƙirƙiro kwana ba ya son zaman lafiya."

Auta ya ƙura wa farar motar ido. Ya san wannan rangajin, haka mai koyon zamiya yake gwada gindin mota kafin ya sake shi. Da farar ta zo daidai inda yake tsaye, sai ga hannun Yaya ya leƙo ta taga yana kaɗawa, yana nuna baya. Auta ya ƙara matsawa jikin shingen. Anya ba hannunka-mai-sanda ake yi masa ba?

Farar ce a gaba, wata ja da wata baƙa na cin dunduniyarta, kuma kowa ya san Yaya ba ya barin tsere ko sama da ƙasa za su haɗe. Suka nufo babbar kwana, mai katangar kankare a bayanta. Bai rage gudu yadda ya saba ba.

Gindin ya tafi gaba ɗaya. Motar ta juya a kaikaice, tayoyi suka kurma ihu, hayaƙi ya turnuƙe. Auta na hango hannayen Yaya suna murza sitiyari da saurin da bai taɓa gani ba. Katanga na matsowa. Wata mata ta ɗora hannu a ka tana salati. Saura ƙiris fitilar baya ta goga kankare, motar ta ci gaba da zamewa a haka har ƙarshen kwanar, sannan ta miƙe.

Wuri ya kaure da sowa, 'yan zamiya har da jefa huluna sama. Ja da baƙa sun wuce, tsere ya kuɓuce wa Yaya, amma Auta kuka yake wiwi don daɗi. Ashe wansa ya yar da kofi ne don ya yi masa magana da harshen da yake ji.

Ya tsallake shinge a guje zuwa inda farar ta tsaya.

"Yaya! Ashe ka iya? Wallahi ko ni ban isa in yi wannan ba!"

Yaya bai ɗago ba. Hannayensa na ƙanƙame da sitiyari, yana ta maimaita kalmar shahada.

Sai ga mai faci ya kutso cikin taron, gumi sharkaf, yana garo tayoyin tsere guda biyu.

"Auta, ga na Yayanka, na same su a bayan ƙofa inda na bar su. Don Allah, waɗanne ka ɗaura masa?"