Aminai Biyu da Allurar Goshi

To Luba, tunda kin ce jibi za ki je a yi miki allurar nan mai kwantar da tamojin goshi, ajiye mayafin ki zauna, in ba ki misalin wasu aminai biyu.

Tare suka yi makarantar kwana ta 'yan mata, gadon wannan a sama, na waccan a ƙasa. Ɗaya ta zama malamar makaranta, ɗayar tana sayar da atamfa da leshi. Kwatsam sai ga labari cewa 'yan ajinsu za su haɗu a Zariya, karon farko tun da aka watse, wasu har sun yi jikoki. Zo ki ga murna! Aka fitar da anko, waya ta daina hutawa, wannan ta turo tsohon hoto, waccan ta tono sunan tsokanar da aka manta. Cikin wannan ɗoki su biyun suka dubi madubi, suka ga layukan da shekaru suka ja musu a goshi, suka ce ai kuwa sai an gyara. Suka nufi wata likitar fata da ta san aikinta. Ta sa kowacce ta ɗaure fuska, ta saki, ta ɗaga gira, sannan ta tsira musu allurar kaɗan-kaɗan. Ta ja musu kunne: kada su murza wurin, kada su kwanta sai bayan 'yan awoyi, su ɗan dakata da dilka da sirace, kuma kada su sa ran ganin canji yau ko gobe, don maganin sai ya kusa mako biyu yake gama zama.

Malama ta riƙe maganar gam. Da ma da hantsi ta sa suka je, don kafin ta kai goshi ƙasa a sallar Azahar awoyin sun wuce. Wurin ya yi mata ƙaiƙayi, ta cije ta ƙi sosawa, ta koma kan ɗalibanta da ɗinkin ankonta. Mai atamfa kuwa zumuɗi bai bar ta ba. Tun a mota take danna goshin da yatsa, wai ta ji ko ya fara aiki. Kwana biyu ta ga tamoji na nan daram, ta ce an cuce ta, ruwa aka tsira mata. Ta je aka yi mata dilka, aka murje fuskar tas. Daga nan wata abokiyar cinikinta ta kai ta wurin wata mai yi a cikin gida, wadda ba ta tambayar kowa komai. Mai atamfa ta ce a ƙara mata allurar, a cika, a ɗage mata girar nan ta koma ta budurwa.

Ranar taro wuri ya kaure da guɗa da shewa, manyan mata suna rungumar juna suna tsalle kamar 'yan aji ɗaya. Malama na shigowa aka yi caa a kanta: "Ke, me kike ci ne? Ko ritaya kika yi kika huta haka?" Ko mutum ɗaya bai kawo zancen allura ba. Goshinta ya kwanta luf, amma in ta yi dariya har idonta dariya yake, in aka ba ta labarin mamaki girarta ta tashi. Ta yi rawa har ɗankwalinta ya faɗi. Mai atamfa kuwa da baƙin tabarau ta shigo. Goshi sumul kamar bayan faranti, ba ya ko motsi, fatar idonta na hagu ta sauko ta rufe rabin idon. Alhali ita ce mai ba ajin dariya tun suna yara, ita ke kwaikwayon shugabar makaranta da gira ɗaya a sama. Aka yi ta tafi ana kiran sunanta, wai sai ta yi musu kwaikwayon. Ta cire tabarau ta gwada, murya ta fito, gira ta ƙi. Tafin ya mutu. Wata tsohuwar ƙawarta ta ja ta gefe tana tambayarta ko rasuwa aka yi mata ba su ji ba. Da aka zo ɗaukar hoton aji, da kanta ta lallaɓa layin baya.

Washegari aminiyarta ta mayar da ita wurin likitar farko. Likita ta duba ta ce maganin zai sake ta da kansa, sai dai a jira. Aka jira kuwa, idon ya buɗe, daga baya goshin ya saki. Amma taron ya riga ya wuce, hoton kuma yana wayar kowa.

Saboda haka je ki abinki, ƙanwata, ki dawo mu yi miki guɗa. Sai dai ki tsaya inda masu sani suka tsayar da ke, kada garin neman gira a rasa ido.